Yadda Ake Naɗar Albam a Sake Shi: Jagora ga Mawaƙin Kaduna Mai Rubuta Waƙarsa da Kansa

Mawaƙin da yake rubuta baitinsa da hannunsa, ya sa masa kari, sannan ya rera da bakinsa, yana da jari iri biyu da ba kowane mai shiga situdiyo ke da su ba: kalmomin nasa ne, waƙar kuma mallakinsa ce tun ranar da ya rubuta ta. Sai dai a tsakanin littafin rubutu da wayar mai sauraro, waɗannan biyun su suka fi saurin salwanta, domin kiɗa yakan danne kalmomi har a kasa jin abin da ake faɗa, mallaka kuma takan suɓuce saboda an ƙulla komai da fatar baki. Duk shawarar da ke tafe a kan tsare su aka gina ta. Zan riƙa cewa "kai" don sauƙin zance, amma har da ke nake, 'yar'uwa mawaƙiya.

Aikin da ake gamawa a gida

Manhajojin sauraro irin su Spotify da Apple Music suna lissafa aiki a matsayin albam idan ya kai waƙa 7 ko ya wuce minti 30, yayin da waƙa 4 zuwa 6 da ba su cika rabin awa ba ake sa su a layin ƙaramin kundi. Ga mai fitowa karon farko, ina ganin waƙa 8 zuwa 10 sun wadatar, da sharaɗin an tsamo su ne daga cikin waɗanda suka fi haka yawa. Ka rera kowace waƙa a wayarka ba tare da kiɗa ba, ka ajiye ta mako guda, sannan ka saurara kamar ta wani ce. Wadda ta tsaya da ƙafarta babu ganga babu fiyano ita ta cancanci a kashe mata kuɗi. Wadda kuwa kake cewa za ta yi daɗi idan an sa mata kiɗa, ka mayar da ita littafi, lokacinta bai yi ba.

Daga nan sai ka bi baitocin da kunnen basira, ka duba jituwar karin waƙa da karin harshe, kuma a nan nake so ka fi daɗewa. Hausa harshe ne da hawa da saukar murya da tsawon wasali suke sauya ma'ana a cikinsa, shi ya sa fara mai cin amfanin gona, da fara ta launi, da fara aiki, rubutunsu ɗaya amma kunne ba ya haɗa su. Idan karin da ka sa ya ɗaga gaɓar da harshe ya saukar, ko ya ja wasalin da asalinsa gajere ne, mai sauraro zai ji kamar baƙon Hausa ne yake rerawa, wani lokaci ma ya fahimci abin da ba ka nufa ba. Wannan ya fi samun masu fara sayen kiɗa a intanet sannan su cusa masa kalmomi da ƙarfi. Makaɗan kalangu da kotso ba su san wannan matsala ba, saboda a wurinsu magana ce ke gaba, kiɗa yana bin ta. Maganin abin shi ne ka karanta kowane ɗango da ƙarfi kamar kana yi wa mutum magana, sannan ka rera shi nan take. Duk inda biyun suka saɓa, ko dai ka sauya kalmar ko ka lanƙwasa karin. Haka nan kada neman amsa-amo ya kai ka ga jawo kalmar da ba ta da aiki a baitin don kawai ta ƙare da harafin da kake so, domin masu sauraron waƙar Hausa suna gane ciko, kuma ba sa yafe shi.

Hausar da muke yi a Kaduna da ƙasar Zazzau ba ta cika tsananta bambanta jinsin namiji da tamace a sunayen abubuwa ba, saɓanin daidaitacciyar Hausa. Wannan ba aibi ba ne, har ma yana iya zama tambarinka, amma ka zaɓi guda da gangan ka tsaya a kai, kada ɗango na farko ya ce "motata" na uku ya ce "motana". Idan za ka sirka da Turanci ko Burokan, kamar yadda ake yi a titunan garin nan kullum, ka bar amshi a harshe ɗaya, domin shi ne abin da jama'a za su riƙe. Ka kuma tuna cewa Hukumar Kula da Kafofin Yaɗa Labarai ta Ƙasa tana hana sa waƙar batsa a rediyo, ita ma Jihar Kano, inda babbar kasuwar waƙar Hausa take, tana da hukumar tace finafinai da waƙoƙi tun 2001. Gyaran kalma ɗaya a takarda kyauta ne, amma bayan an haɗa sauti sai an sake biya.

Abu na ƙarshe a gida shi ne sanin matakin muryarka da saurin kowace waƙa. Ka zauna da mai fiyano ku gwada waƙar a mataki biyu ko uku, ka zaɓi wanda kake kai wa ƙololuwarsa ba tare da jijiyar wuya ta miƙe ba. Idan akwai 'yar amshi, a yi gwajin tana wurin, domin sau da yawa ana gina kiɗa a kan muryar namiji, sai ranar ɗora murya a tarar mace ba ta da wurin tsayawa, a koma ana jan muryarta da kwamfuta har ta zama siririya marar rai.

Takarda kafin makirufo

Kowace waƙa da aka naɗa tana ɗauke da haƙƙi biyu. Akwai haƙƙin rubutu da kari, akwai kuma haƙƙin sautin da aka naɗa a situdiyo, kuma yana yiwuwa na farko ya zama naka na biyu ya zama na wani ba tare da ka ankara ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare rubutu da kari har shekara 70 bayan rasuwar mai su, ta kare sautin da aka naɗa na shekara 50, ta kuma tanadi cewa miƙa wa wani haƙƙin mallaka ba ya inganta sai a rubuce. Ke nan abin da kake shirin yi dukiya ce da magada za su iya gada, bai kamata a bar ta a kan "ai mun fahimci juna" ba.

Saboda haka kafin a kunna komai, ku rubuta shafi guda kai da furodusa, ku sa hannu a gaban shaidu biyu. A bayyana kuɗin kowace waƙa da kafin alƙalamin da aka bayar, a faɗi ko kuɗin ya haɗa da haɗa sauti da tacewar ƙarshe, da yawan gyaran da za ka iya nema ba tare da ƙarin biya ba. A rubuta ƙarara cewa sautin da aka naɗa naka ne, kuma za a ba ka dukkan fayilolinsa a rarrabe, murya daban, ganga daban, fiyano daban. Idan furodusa ya ƙirƙiri wani sashe na karin, adalci ne ya sami kaso, to a yanke kason yanzu da ake shiri, tun kafin waƙar ta yi suna. 'Yar amshi da baƙon mawaƙi da makaɗi su ma kowa ya sa hannu cewa an biya shi, ya kuma yarda a saki aikin da sunansa a jiki.

Wanda aka fi jin nauyin tunkara da takarda shi ne ubangidan da ya ɗauki nauyin aikin. Duk da haka dole ne a san matsayin kuɗinsa: kyauta ce, ko bashi, ko hannun jari? Ka same shi cikin ladabi ka ce, "Ranka ya daɗe, ina so a rubuta ne saboda rai da ajali." Dattijon kirki ba zai ƙi ba, tunda ko addini ya yi umarni a rubuta bashi. Idan kuma kiɗan da za ka hau ka saye shi ne a intanet, ka karanta sharuɗɗansa, domin mai arha galibi haya ce da aka ba mutane da yawa, kuma ba za ka iya yi masa rajistar mallaka a YouTube ba.

A cikin situdiyo

Kada yawan fitilu da girman lasifika su ruɗe ka. Ka nemi a kunna maka ayyuka uku da aka gama a wurin, ka lura ko kana jin kowace kalma. Sannan ka shiga ɗakin ɗaukar murya, a rufe ƙofa, ka yi shiru na minti guda kana saurare. Idan kana jin gurnanin janareto, ko hon ɗin 'yan Keke, ko hirar masu shago, makirufo zai ji fiye da kai. Situdiyon da ke da batir da sola ya fi wanda ya dogara da janareto, ko da ya ɗan fi tsada. Ka ɗaga kai ka dubi rufi, domin idan kwano ne babu silin mai kauri, damina za ta ci maka ranaku, musamman a Agusta. Kwalayen ƙwai da ake mannawa a bango ba sa tare ƙarar waje. Barguna masu nauyi da katifa sun fi su rage amsa-kuwwar ɗaki. Ka kuma tsara zamanka da lokutan salla a zuciya, domin kusan kowace unguwa daga Kawo zuwa Tudun Wada lasifikar masallaci tana kusa, kuma ladabi da ingancin aiki duka sun ce a dakata. A shekarar zaɓe kuwa ka kama ranakunka da wuri, saboda masu waƙoƙin siyasa suna cika situdiyo kuma sun fi ka kuɗi a hannu.

Ko da wace manhajar naɗar sauti ake aiki, FL Studio ko Cubase ko Logic Pro, wannan ba damuwarka ba ce, hannu da kunnen mai aikin su ne abin dubawa. Abin da za ka nema shi ne a ɗauki sautin a tsarin WAV mai bit 24, wato fayil ɗin da ba a matse sautinsa ba, kada a ɗauka a MP3, kuma kada ma'aunin sauti ya riƙa shiga ja, domin muryar da ta fashe a wurin ɗauka ba ta gyaruwa. Ka tsaya kimanin taƙi guda daga makirufo, da ragar tare iska a tsakaninku, saboda yadda muke furta "f" da "b" yana hura iska mai bugun makirufo. Ka rera waƙar sau biyu ko uku daga farko har ƙarshe kafin a koma gyaran ɗango-ɗango. Waƙar da aka ɗinka guntu-guntu tun daga farko takan fito daidai amma babu shauƙi. Kada ka wuce waƙa biyu a yini. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura da bushewar iska suna dusashe murya, don haka ka yawaita ruwan ɗumi ka rufe hanci a kan hanya, idan kuma da azumi a bakinka ka bari sai bayan buɗa-baki.

Akwai wata falala da Kaduna take da ita wadda mawaƙanmu ba su cika mora ba. A kudancin kogi, wajen Barnawa da Kakuri da Sabon Tasha, akwai matasa masu kaɗa jita da ganga na zamani da suka goge a coci tun suna yara, a arewacin gari da Zariya kuma akwai makaɗan kalangu da gurmi da masu busa sarewa da suka gaji abin. Galibin waƙoƙinmu na zamani daga fiyanon Yamaha guda ake fitar da dukkan sautinsu, shi ya sa suke kama da juna. Ko a waƙa uku kacal ka gayyato makaɗi na gaske, albam ɗinka zai fita daban, kuma kalangun da hannu ya matsa yana amsa wa baiti ta yadda na cikin kwamfuta ba zai taɓa iyawa ba.

Wajen haɗa sauti, wanda 'yan situdiyo ke kira mikisin, ka kasance a wurin, kuma buƙatarka guda ce: murya a gaba. Auto-Tune, da ya fito tun 1997, an yi shi ne don gyara ɗan kaucewar murya, kuma ba laifi a yi amfani da shi. Amma idan aka ƙure shi yana shafe lanƙwasar da ke bambanta muryarka da ta kowa, yana kuma dagula hawa da saukar da ma'anar Hausa ta dogara a kai. Idan aka haɗa shi da amsa-kuwwa mai yawa, sai "ƙ" da "ɗ" da "ɓ" da "ts" su narke. Gwajin da na fi yarda da shi shi ne a kunna wa wanda bai taɓa jin waƙar ba, a ba shi biro ya rubuta baiti na farko. Duk kalmar da ya kasa kamawa, a koma a ɗaga ta. Ka saurari aikin a lasifikar ƙaramar waya, da cikin mota, da babbar lasifikar biki, domin a nan jama'arka za su ji shi.

Tacewar ƙarshe, wato mastarin, ita ce ke daidaita ƙarfin waƙoƙin su zama 'yan gida ɗaya. In da hali a ba wani kunnen daban, ko a Abuja yake ko Legas, tunda fayil ake aikawa. Kada ka matsa a ƙure ƙara, domin Spotify yana mayar da waƙoƙi kusan ƙarfi guda, wato 14 ƙasa da sifili a ma'aunin ƙarfin sauti na LUFS, wanda ya ƙure tasa sai a rage masa, ya tashi da sauti a matse ba riba. Har zuwa ranar saki kada ka tura wa kowa cikakkiyar waƙa ta WhatsApp, ko da amininka ne. Mai son ji ya zo ya ji a wayarka.

Saki

Ka jera waƙoƙin da dabara, mafi ƙarfi a farko ko ta biyu, kuma kada gabatarwar kiɗa ta yi tsawo, domin Spotify ba ya ƙirga sauraro sai an kai daƙiƙa 30, mai waya kuma ba ya jira. Hoton bango ya zama murabba'i mai fikzel 3000 kowane gefe, babu lambar waya ko adireshin shafi a jiki, in ba haka ba za a dawo da shi. Sunanka ka rubuta shi iri ɗaya a ko'ina. Tunda yawancin masu nema ba sa sa haruffa masu ƙugiya a waya, ka rubuta sunan waƙa daidai a take, sannan ka ƙara rubutun da babu ƙugiya a cikin bayanin da ke ƙasan bidiyo.

Audiomack da YouTube kana iya ɗora musu waƙa da kanka kyauta. Spotify kuwa, da ya shigo Najeriya a Fabrairun 2021, da Apple Music, sai ta hannun dillalin intanet irin su DistroKid mai karɓar kuɗin shekara, ko CD Baby mai karɓa sau ɗaya ya riƙa cire kaso. Ka tabbata dillalin yana kai wa Boomplay, wanda ke zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel da suka cika hannun mutanenmu, da kuma TikTok. Asusun ka buɗe shi da sunanka da imel ɗinka. Kada ka yarda furodusa ko manaja ya ɗora albam ɗin a nasa asusun, domin wanda ke riƙe da asusu shi kuɗi ke zuwa wa. Dillalin zai ba kowace waƙa lambar shaida mai suna ISRC, ka kwafe su ka adana, za ka buƙace su duk ranar da ka sauya dillali.

Ka miƙa aikin mako huɗu kafin ranar da ka sa, domin a sami damar gyara kuskure, kuma ka iya gabatar da waƙa ɗaya ga masu zaɓen waƙoƙi na Spotify, waɗanda ke buƙatar aƙalla kwana 7. Tun Yulin 2015 Juma'a ce ranar sakin sababbin waƙoƙi a duniya. A nan gida sai ka bar tallan ranar har a sauko daga masallaci. Kada ka saki albam na soyayya a cikin Ramadan. Makon Sallah da lokacin da bukukuwan aure suka yawaita sun fi dacewa, kuma yana da kyau waƙa ɗaya ko biyu su riga albam ɗin fita da 'yan makonni, ɗaya da bidiyonta.

Intanet rabin hanya ce kawai a Arewa. Ka kai tsabtataccen MP3 da kanka gidajen rediyo, daga Rediyon Tarayya na Kaduna, wanda ke watsa shirye-shirye tun 1962, da tashoshinsa na Supreme FM da Karama FM, zuwa KSMC da Freedom da Liberty da Nagarta, tare da taƙaitaccen bayaninka a takarda, ka kuma nemi a yi hira da kai. Ka bai wa masu sa kiɗa a wuraren biki. Masu tura waƙa a memori, a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da Kasuwar Barci da tashoshin mota, za su sami waƙar ko ka so ko ka ƙi, don haka ni a ganina gara ka kai musu mai kyau da sunanka da hotonka a jiki, da a ce gurɓatacciya ce ke yawo da sunan wani. Ta hanyarsu waƙa ke isa ƙauyen da babu data, daga can kuma gayyatar biki ke fitowa, wadda ga yawancin mawaƙanmu ta fi kuɗin manhaja kauri. Tun 2024 Spotify ba ya biyan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a cikin wata 12 ba, yana kuma hukunta sauraron bogi, saboda haka duk wanda ya ce ka biya shi ya ƙara maka alƙaluma, ka rabu da shi, zai iya jawo a sauke albam ɗin gaba ɗaya. Bikin ƙaddamarwa ma ka auna shi da aljihunka: alƙawarin da ake yi a gaban makirufo ba duka ake cikawa ba, kuɗin zaure kuwa sai an biya tun kafin taro.

Bayan an saki aikin, ka yi rajistarsa a Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta shafinta na intanet. Haƙƙinka yana nan ko ba rajista, amma takardar hujja ce a hannunka ranar jayayya. Ka shiga ƙungiyar MCSN, wadda hukumar ta amince ta karɓar wa mawaƙa kuɗin amfani da waƙoƙinsu a rediyo da talabijin da wuraren taro, ka ba ta sunayen waƙoƙin da kason kowa kamar yadda kuka rubuta. Sannan ka koma situdiyo da rumbun ajiya naka ka kwashe fayilolin nan da aka yi yarjejeniya a kansu, har da kiɗan kowace waƙa babu murya wanda za ka riƙa hawa a wurin wasa, ka ajiye kwafi ɗaya a gida, ɗaya a intanet, ɗaya a wurin wanda ka amince da shi. Ka yi haka a cikin makon farko, domin kwamfutar situdiyo takan cika, kuma tsofaffin ayyuka ake fara gogewa.